Odessa Pruitt da Rubutun Tururuwa

Odessa Pruitt ba ta iya ƙarya ba, ba ta iya kwana-kwana ba, amma duk da haka ta je ta karanta aikin lauya. Mahaifiyarta, wadda ta yi shekara ashirin da takwas tana tuƙa motar 'yan makaranta, ta sha gaya mata cewa ta zaɓi sana'ar da ba ta dace da bakinta ba. A gidansu in an yi maka tambaya, amsa biyu ce kawai: i ko a'a. Wanda ya fara da "to, ai kin san," sai Mama Pruitt ta nuna masa ƙofa, ta ce ya je waje ya gama tunaninsa ya dawo.

Tun muna aji uku na san ta. Ni ban wuce sakandare ba, na samu aiki a teburin karɓar baƙi na ofishin lauyoyi na Whitcombe da Ashby. Ita ta yi ta karatu har ta gaji, ta zo ta same ni a nan. Ofishin yana hawa na goma sha huɗu, wanda a gaskiya na sha uku ne, masu ginin suka tsallake lambar don camfi. Ranar da ta fara aiki ta lura da haka a cikin lif, ta ce, "Bernice, ko hawan da muke ciki ma ba a faɗi gaskiyarsa ba." Na ce ta rufe baki ta gyara kwalarta.

Da safiyar nan Mista Whitcombe, babban mai ofishin, ya tara sababbin lauyoyi. Dattijo ne dogo mai sanƙo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta kuɓuce masa ta je ta yi ɓarna. Ya dubi Odessa.

"Malama Pruitt, ƙarfe nawa yanzu?"

"Tara da kwata, yallabai."

"A wane gari?"

"A nan."

"Wa ya gaya miki mai tambayar a nan yake? Agogon wa kika duba? Kin tabbatar yana daidai? In ya makara saboda maganarki, wa zai kai ƙara?"

Wani saurayi da ke kusa da Odessa, Tobin Aldersey, mai gashi a kwance kamar an goge shi da dutsen guga, ya ɗaga hannu.

"Yallabai, ya danganta."

Fuskar Mista Whitcombe ta washe. Ya ce yaron nan zai yi nisa. Kuma ya yi.

Daga ranar Odessa ta gane cewa kalmomi biyun nan su ne jarin gidan. Ko za a ci shari'a? Ya danganta. Ko sabuwar doka ta shafe mu? Ya danganta. An ce da Tobin ya je neman aure, budurwar ta tambaye shi ko yana son ta, sai da ya nemi ta yi bayanin abin da take nufi da so.

Aikin da aka ɗora wa ƙananan lauyoyi, ban da ɗaukar fayil da zaman sauraro, shi ne Takardar Juma'a. Shafi ɗaya ce da ofishin ke aika wa abokan hulɗa duk mako, a kan abin da ake ciki a ƙasa: an ƙara harajin kayan waje, kotu ta yanke hukunci, 'yan majalisa sun yi faɗa, an ƙera na'ura mai rubutu da kanta, ko za ta kori ma'aikata. Ƙaramin lauya ne zai rubuta, sannan ta bi tebur uku, kowane tebur da jan bironsa. Odessa ta taɓa rubuta cewa sabon haraji zai sa kayan gini su yi tsada. Da takardar ta dawo sai ta tarar an mai da shi: "Akwai masu ganin cewa, a wasu yanayi, mai yiwuwa harajin ya taɓa farashin wasu kayayyaki, ko da yake akwai masu ganin akasin haka." Ta zo tebur ɗina tana kaɗa takardar.

"Bernice, karanta ki gaya mini, siminti zai yi tsada ko ba zai yi ba?"

"Ni na sani? Ke ce lauya."

"Ni na rubuta, amma yanzu ni ma ban sani ba."

Kowace takarda da jimla ɗaya take ƙarewa: "Za mu ci gaba da sa ido." Odessa takan ce in da gaske ana sa idon nan, da tuni idanun ofishin sun zazzago. A sama akan sa sunan Mista Whitcombe da hotonsa na shekara ashirin da suka wuce, lokacin yana da gashi. A can ƙasa kuma akwai layi goma sha huɗu na ƙananan rubutu, masu cewa wannan ba shawarar lauya ba ce, kada kowa ya dogara da ita, in ya dogara ruwansa. Odessa ta sa musu suna rubutun tururuwa. Ba mai karanta su. Ƙaramin lauya yakan kwafo na makon jiya ya manna a na yau, shi ya sa har yanzu akwai lambar wayar wani reshen ofis da aka rufe tun kafin mu gama makaranta.

Abin da ya riƙe ta a wurin nan, in ka tambaye ni, abincin rana ne. A ƙofar ginin, a kwanar titi, akwai amalanken Lefteris Manolakis, wanda kowa ke kira Lefty. Tsoho ne Bagirke, gajere mai faɗin ƙirji, shekararsa ashirin da shida a kwanar nan yana sayar da gasasshen naman rago a cikin gurasa, da albasa da kindirmo mai tafarnuwa. Ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa yana nan, hannuwansa a kan wutar gashi. Da ya hango ta sai ya ɗaga wuƙarsa.

"Ga Mai Shari'a! Yau mutum nawa kika ɗaure?"

"Kai zan fara ɗaurewa, Mista Lefty, in ka sake yi mini rowar albasa."

"Rowa? Ni? 'Yata, albasar da na ba ki jiya ta isa ta kori alƙali daga kotu."

Lefty yana da wata ɗabi'a da duk titin ya sani. A jikin amalankensa akwai gilashin ƙara girman rubutu a rataye da igiya, kuma duk takardar da aka miƙa masa, ko ta tallan katifa ce, daga ƙasa yake fara karanta ta. A shekararsa ta farko a ƙasar nan ya sa hannu a wata takarda da ya karanta samanta kawai, aka zo aka ja amalankensa na farko yana kallo. "Manyan baƙaƙe gaisuwa ce," in ji shi. "A can ƙasa kuke ɓoye wuƙar."

A shekararta ta uku a ofis aka fara gina sabon filin wasa a ƙarshen titinmu. Kamfanin da ke ginin yana cikin manyan abokan hulɗar ofishinmu, kuma yana da shirin buɗe gidajen cin abinci nasa a gefen filin. Ba ya son amalanke a kusa. Majalisar gari ta zartar da wata doka mai shafi ɗari biyu da wani abu a kan gyaran titi da fitilu, aka ba Odessa ta karanta ta rubuta Takardar Juma'a. Ita kuwa in an ce ta karanta abu, karantawa take yi. Can kusa da ƙarshe, tsakanin maganar kwata da ta kwandon shara, ta tarar da sakin layi ɗaya. Duk mai amalanke da ke da tsohon lasisi, in ya je da kansa ofishin gari ya sabunta kafin ƙarshen Afrilu, wurinsa ya zama nasa muddin ransa. In bai je ba, ranar ɗaya ga Mayu ya tashi, ba ɗaukaka ƙara. An buga sanarwar kamar yadda doka ta ce, a wata jarida da ba mai saye sai lauyoyi. Lokacin saura kwana goma sha tara.

Ranar ta sauka cin abinci jikinta a sanyaye. Lefty ya yanka nama, ya naɗe gurasa, amma bai yi mata tsiya ba. Ya matso ya rage murya.

"'Yata, ana ta maganganu. Mai sayar da masara ya ce za a tashe mu. Ke kina can sama inda ake dafa waɗannan abubuwa. Gaskiya ne?"

Dokar ofis a kan wannan a fili take: ƙaramin lauya ba ya ba wanda ba abokin hulɗa ba shawara, balle a kan abin da ya shafi kamfanin da ofis ke yi wa aiki. Wanda ya yi, ranar zai kwashe kayansa a kwali. Odessa ta buɗe baki, sai ta ji wata murya irin tata ta ce:

"Ya danganta, Mista Lefty."

Tsohon ya dube ta. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ƙara mata albasa, ya miƙa mata, ya ce, "Sun koya miki da kyau, Mai Shari'a."

Ba ta ci gurasar ba. Ta ajiye mini ita a tebur, ta wuce. Da na bi ta na tarar da ita a banɗaki tana wanke baki da ruwa kamar ta haɗiye ƙuda.

Washegari ta rubuta Takardar Juma'a, ta sa maganar a layin farko, a fili, yadda mahaifiyarta za ta so. Takardar ba ta ma kai tebur na biyu ba Mista Whitcombe ya aiko kiranta.

"Malama Pruitt, wannan jimla tana da rana a cikinta."

"I, yallabai. Ranar ce maganar."

"Tana kuma gaya wa mutum abin da zai yi."

"Dokar a fili take. An buga ta. Ba sirrin kowa na tona ba."

"Ban ce ƙarya ba ce," in ji shi, yana murmushi irin na kaka. "Na ce ta fito fili da yawa. Mu ba ma ɓoye gaskiya a gidan nan, muna sa mata tufafi ne kawai." Ya zare jan biro. Da ya gama, takardar ta ce sabuwar dokar mai yiwuwa ta shafi wasu masu ƙananan sana'o'i ta wasu hanyoyi, kuma za a ci gaba da sa ido.

Ta koma ɗan akurkin ofishinta ta zauna. Saura aiki ɗaya kafin takardar ta koma teburan gyara ta wuce injin bugawa, aikin da ba mai dubawa: kwafo rubutun tururuwa na makon jiya a manna. Ta kwafo, ta manna. Sai ta tsaya tana kallonsa. Ta gaya mini daga baya cewa gilashin nan mai igiya ne ya faɗo mata a rai, yana lilo a jikin amalanke. Ta ƙirga layi takwas, ta buɗe wuri tsakanin "ofishin nan ba ya ɗaukar alhaki" da lambar wayar reshen da ya mutu, ta rubuta da baƙaƙe ƙanana daidai da sauran:

"Duk mai amalanken abinci ya je ofishin gari da kansa, da tsohon lasisinsa, kafin ƙarshen Afrilu. Wanda bai je ba ya rasa wurinsa."

Takardar ta bi tebur uku ta dawo. Wani ya ƙara waƙafi a sama, wani ya cire shi.

Sai ta yi abin da har yau nake dariya in na tuna. Ta koma wurin Mista Whitcombe ta nemi izinin raba takardar a titi, ga masu amalanke.

"Masu amalanke?"

"Yallabai, kai ka ce mu riƙa neman sababbin abokan hulɗa. Mai gasa nama yau, wa ya san abin da zai zama gobe?"

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce abin da yake so ya gani ke nan a wurin matasa, ƙwazo. Ya sa aka buga mata guda hamsin a takarda mai kauri.

Ta sauka da su ranar Juma'a da rana. Ta miƙa wa Lefty ɗaya. Ya dubi hoton Mista Whitcombe mai gashi, ya taɓe baki.

"Me zan yi da wannan? Ko wuta ba za ta kama da kyau ba."

"Ka karanta."

"Na karanta me? Ya danganta?"

"Ka karanta yadda ka saba, Mista Lefty. Ba abin da na ce maka. Ka ji ko? Ban ce komai ba."

Ta wuce wurin mai masara, da matar da ke sayar da kofi, da 'yan'uwan nan biyu masu soya kifi. Ba ta waiwaya ba. Ni ce na leƙa ta taga na ga tsohon ya goge hannu a gaban rigarsa, ya jawo igiyar.

Ranar Litinin da rana lauyoyi suka sauko cin abinci suka tarar da titi fayau. Ba hayaƙi, ba ƙanshin albasa, ba kowa. Manyan mutane cikin kwat suka yi ta zagaye kwanar suna duba waya kamar an sace musu mota. Masu amalanke kuwa suna can a ofishin gari, su talatin da ɗaya, a layi tun kafin a buɗe ƙofa, kowa da tsohon lasisinsa a leda. Lefty ne a gaba, da kwat ɗin da ya yi aure da shi.

Kamfanin filin wasa ya bugo waya ransa a ɓace. Wani ya ga masu amalanke riƙe da takarda mai tambarin ofishinmu. Aka kira taro a babban ɗaki, manya uku a gefe ɗaya, Odessa da Tobin a ɗaya gefen. Ni na kai musu kofi, na yi ta jan ƙafa wajen jera kofuna. Mista Whitcombe ya sa tabarau, ya ɗauki takardar, ya karanta da ƙarfi tun daga sunansa. Odessa ta haɗe hannuwanta a ƙarƙashin tebur. Ta riga ta nemi kwali a wurina da safe. Ya yi ta karantawa, mai yiwuwa, wasu, ta wasu hanyoyi, har ya kai "za mu ci gaba da sa ido." Nan ya ajiye takardar ya cire tabarau.

"To, kun ji. Akwai wanda ya ji mun faɗi wani abu?"

Ba wanda ya ji. Na biyu a cikin manyan ya karɓa ya sake karantawa don a tabbatar, ya tsaya a daidai wurin. Ya ce a shekara talatin bai ga takardar da ta kai wannan tsabta ba, ko shi da ya gyara ta bai san a kan me take magana ba.

Tobin dai idonsa na ƙasan shafin. Na ga wuyansa ya yi ja. Mista Whitcombe ya juyo gare shi.

"Aldersey, kai mai ido ne. Ka ga wani abin damuwa a nan?"

Tobin ya dubi Odessa, ya dubi rufi, ya gyara gashin da ba ya buƙatar gyara.

"Ya danganta, yallabai."

"Madalla," in ji Mista Whitcombe, aka tashi taro. Odessa ta ce wannan ne karo ɗaya tak da ta ga kalmar ta yi wa wani amfani, kuma daga ranar ta daina kiran Tobin da sunan tsiyar da ta sa masa, dutsen guga, sai dai in ba ya nan.

Ba a kore ta ba, ba a kuma taɓa ƙara mata girma ba. Duk shekara a takardar auna aiki sukan rubuta cewa tana da ƙoƙari, sai dai tana saurin amsa tambaya. Tobin ya samu ofis mai taga biyu. Ita ta ci gaba da zama a akurkinta, tana cin gurasa mai albasa har ta yi yawa, don Lefty bai sake bari ta sa hannu a jaka ba, kuma bai taɓa ambata maganar ba. Sai dai ya daina ce mata Mai Shari'a. Ya koma ce mata Tururuwa, ba kuma wanda ya san dalili.

Ciwon ya zo mata tana da shekara talatin da huɗu. Ya fara kamar gajiya. Ni na raka ta ranar da aka ce ta zo ta ji sakamako. Likitan matashi ne mai kirki, yana ta juya biro. Ta tambaye shi kai tsaye wata nawa suka rage mata. Ya gyara murya ya ce:

"To, ya danganta da..."

Odessa ta fashe da dariya har sai da ta riƙe ciki, hawaye na zuba. Likitan ya rasa inda zai sa kansa.

"Likita, don Allah," in ji ta, "ni a gidan da ake ƙera wannan kalma nake aiki. Bar saman takardar. Karanta mini ƙasan."

Ya karanta mata. Wata bakwai ya ce. Ta yi tara, kuma ta ce a gaya masa ba ta riƙe shi da laifi ba.

Ranar jana'iza ofis ya aiko furanni da kati mai cewa za a yi kewarta ta hanyoyi da dama. Lefty ya turo amalankensa tun daga kwanar har ƙofar coci, tafiyar kusan awa guda, ya ciyar da duk wanda ya zo. Mama Pruitt ta tambaye shi ko 'yarta ta taɓa yi masa wani aiki ne. Ya ce, "I." Ta gyaɗa kai, amsar ta yi mata.

Shekara biyu ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta. Kujerarta wani ke kai yanzu. Amma ƙananan lauyoyi suna nan suna kwafo na makon jiya suna mannawa a na yau, kuma ba wanda ya taɓa duba layi na tara. Da yake ba ta sa shekara ba, duk watan Afrilu masu amalanke talatin da ɗaya sukan je su yi layi a ofishin gari. Ma'aikaciyar wurin ta gaji da gaya musu cewa an gama wannan magana tuni, wurarensu nasu ne, ba sai sun zo ba. Sukan ce su dai a rubuce suka gani.

Duk Juma'a ni nake ninke takardun in sa a ambulan. Nakan ware ɗaya in sauka da ita da rana. Lefty ya tsufa sosai, hannunsa na rawa in yana yanka. Yakan goge shi a gaban riga, ya jawo igiyar, ya kai gilashin can ƙasa, yana bin layukan da yatsa har ya kai na tara. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji.

"Tana nan," yakan ce. Sannan ya tambaye ni ko ya ƙara mini albasa.